Hatimi a Bayan Shamuwa

Tun da na dawo daga ƙasar Mayahi, abokan hirata na bakin shagon tela ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. "Mushe Lawali, ina hotunan gauraka? Yaya can ɗin yake? An ce har jandarma sun kama ka?" Ni kuwa sai in yi dariya in ce zafin rana ya cinye filim. Ƙarya nake yi, Allah ya yafe mini. Filim lafiyarsa lau, hotunan ma an wanko mini su daga Maraɗi, suna nan cikin ambulan a ƙarƙashin katifa. Abin da ya faru ne bakina ya kasa faɗa a gaban mutane. Yanzu watanni sun wuce, na ga gara in rubuta, ku huta da tambaya.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, a Tasawa, inda ake ce wa malami Mushe, ɗan tela, jikan tela, ban taɓa riƙe sungumi ba a rayuwata. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba. Ina da aparai, wato na'urar ɗaukar hoto, tsohuwa mai dogon baki, wadda na saya hannun wani Bature da muka koyar tare lokacin da zai koma ƙasarsu. Ina kuma da ƴar garka a bayan gida, mai rijiya da lemu biyu da tsamiya guda. Can nake kwanciya ruf da ciki ina jiran kurciya ko cilakowa ta sauka bakin kwamin ruwa. Matata Rabi takan leƙo ta ce, "Mutum da gemunsa, yana rarrafe don tsuntsu!" Ba na tanka mata, don in na yi magana tsuntsun tashi yake.

Hoton da na fi ji da shi na shamuwa ne. Bara waccan na ɗauke ta a kan tsamiyar garkata, tana tsaye bakin sheƙarta da kara a baki. A aljihun gaba nake yawo da shi.

Bana kuwa, kun dai gani da idonku. Damina biyu ke nan sama ta hana. Ajina ya koma rabi, iyaye sun kwashe yara sun yi kudu. Garka ta yi tsit. Sai ka idar da sallar asuba ka zauna, kana jin kamar ka manta da wani abu, can sai ka gane kukan tsuntsaye ne babu. Wannan shirun ya dame ni ƙwarai. Da wani mai sayar da tabarmi ya ce mini akwai wani tabki bayan Attantane wanda ba ya ƙafewa, inda gauraka da ɗinya da kirinjijiya ke taruwa, ban yi wata-wata ba na nemi izinin kwana biyar wajen direkta. Rabi ta ce, "Mutane na gudun yunwa suna yin kudu, kai za ka yi arewa neman gauraka. Allah ya shirye ka." Ta ƙulla mini garin rogo da ƙuli-ƙuli.

Motar kasuwa na shiga, irin wadda ake zama kan buhu. Kafin mu shiga ƙasar Mayahi muka tarar da shinge: ganga biyu, igiya da tsummoki. Wani jandarma saurayi ya ce kowa ya fito da papiye, wato takardun shaida. Nawa daidai suke. Amma da ya buɗe jakata ya ga dogon bakin nan, sai ya ja da baya.

"Wannan fa? Bindiga ce?"

"Aparai ce, ranka ya daɗe. Tsuntsaye nake ɗauka."

"Tsuntsaye! A wannan shekara?"

Kun san yadda zamanin soja yake. Ba a ɗaukar hoton gada, ba a ɗaukar bariki ko biro, wato ofishin hukuma, akwai kuma abin da ba a rubuta ba amma kowa ya sani: ba a ɗaukar masu yunwa. Aka zaunar da ni gindin wata aduwa. Direba na huci, wata tsohuwa a bayan mota tana ta tsine wa tsuntsaye da mai bin su. Da shugaban shingen ya idar da azahar aka kai ni gabansa. Dattijo ne mai furfura a saje. Na rantse, na sake rantsewa, daga ƙarshe na zaro hoton shamuwa na miƙa masa shaida.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce a hankali, "Ban gan ta ba bana." Daga nan ya jawo akwatin tebur yana neman takardar da zai rubuta mini izinin wucewa, babu ko ƙyalle. Sai ya kifa hoton, ya hura wa hatimi numfashi, ya danna a bayansa, ya rubuta kwanan watan ranar, ya sa hannu. Ya ce, "Duk wanda ya tare ka, nuna masa wannan." Har godiya na yi masa, ina murna na tsira.

A Mayahi na kwana gidan wani abokin aiki. Tuwon jar dawar taimako muka ci, wanda launinsa kaɗai ya isa ya kashe maka yunwa. Abu guda na lura da shi: mu a Tasawa baƙo na sallama ake miƙa masa ruwa, gaisuwa ta biyo baya. Can kuwa bana gaisuwa ake ja, a tambayi gida da iyali da gajiya da mutanen Tasawa ɗaya bayan ɗaya, har a ga ko baƙon mai wucewa ne. In ya zauna, sannan ruwa ya fito, rabin moɗa. Ban ga laifinsu ba da na ga tsawon igiyar gugarsu.

Da safe aka haɗa ni da mai amalanke, wani Bafillace mai suna Buba, dogo, wanda fari ya kashe wa shanu kaf, ya koma kora wa wani ɗan kasuwa jaki. Mutumin kirki ne, sai dai yana da wata ɗabi'a da ta riƙa tayar mini da tsigar jiki. Muna cikin tafiya sai ya waiwaya baya, inda babu komai sai sawun taya, ya kira sunan saniya da ƙarfi, ya yi irin ƙyacin nan na makiyaya, ya jira kaɗan, sannan ya juyo. Na ce, "Buba, wa kake kira?" Ya ce, "Baki ne ya saba, Mushe. Kada ka kula." Na ce to, amma daga nan ni ma na fara waiwaye.

Mun bi ta cikin gorubobin gulbi. Taya ta fashe sau ɗaya, muka cusa mata ganyen kaba da tsohuwar rigar Buba. Jaki ya yi tuntuɓe, na faɗo ta baya, na ɗaga aparai sama na bar ƙeyata ta sha ƙasa, Buba ya yi dariyar da ban sake jin irinta a bakinsa ba. Bayan Attantane dariya ta ƙare. Ƙauye uku muka ratsa babu kowa. An toshe ƙofofi da ƙaya, rumbuna a buɗe, turmi a kife. Gawar dabbobi ga ta nan bakin hanya, ta bushe da fatarta, ba abin da ya taɓa ta. Na ce, "Ina ungulaye?" Buba ya ce, "Su ma sun tafi."

Rana tsaka muka isa tabkin. Tabkin da ba ya ƙafewa! Fili ne fetal, laka ta tsattsage, hannunka zai shiga tsagar har wuyan hannu. Na sauka na taka ciki. Sai na ga sawu. Sawun tsuntsaye ne ko'ina, manya da ƙanana, na gauraka, na zalɓe, na agwagin ruwa, sun bushe cikin laka sarai kamar jiya aka taka. Duk sun nufi tsakiya, inda ruwan ƙarshe ya tsaya. Na bi su har can ina neman waɗanda suka juyo, ban ga ko ɗaya ba. Na san tashi suka yi daga nan, ai tsuntsu ba ya komawa da ƙafa. Haka na riƙa gaya wa kaina.

Ina durƙushe ina ɗaukar sawun, sai na ji kukan gauraka. Wallahi na ji shi, sau biyu, kusa da ni, irin mai fitowa daga maƙogwaro. Na miƙe zumbur na juya ko'ina. Babu itace, babu ciyawa, babu inda ko ƙadangare zai ɓuya, sama kuma fari fat. Na kalli Buba can bakin gaɓa. Ya sunkuyar da kai yana gyara ragamar da ba ta lalace ba.

"Ka ji?"

"Mushe, mu tafi. Ba a tsayawa nan da tsakar rana."

Ƙauyen da ke kusa zan kira shi Bakin Tabki, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Shi akwai mutane, amma sai da muka shiga tsakiyarsa muka sani. Ba daka, ba kukan yaro, ba kiran juna ta kan danga. Na ɗaga murya na yi sallama, sai wata mata ta fito da sauri ta ɗora yatsa a baki. A tsakiyar gari akwai wani babban gawo, a kansa sheƙunan shamuwa sun fi goma, duk wayam. A gindinsa an ajiye ƙwarya cike da ruwa, a garin da mutum ke samun rabin moɗa. Maza na zaune kewaye, kowa fuskarsa sama.

Wani tsoho siriri mai rawani ya matsa mini wuri a kan buzunsa. Shi ne Sarkin Noma, Baba Mijinyawa. Da raɗa ya yi mini bayani: shamuwa baƙuwarsu ce, ba ta son hayaniya ranar sauka. Tun shigowar bazara mata ke zuwa bayan gari su yi daka, ruwan nan kuma nata ne, kullum ake sakewa. Na ce a raina, mu a Tasawa yara har waƙa suke mata da ihu, kuma tana sauka. Ban faɗa ba.

Aka kawo mini dilo, ƴaƴan anza da aka jiƙa kwana da kwanaki don ɗaci ya fita, bai kuma fita ba. Suka tambayi abin da ya kawo ni. Ni da son a san ni, sai na zaro hoton. Kai, da ma hannuna ya shanye a lokacin!

Hoto ya zaga hannu zuwa hannu, kowa na goge tafinsa a riga kafin ya karɓa. Baba Mijinyawa ya kai shi dab da idonsa.

"Ɗana, ina ne nan?"

"Garkata ce, Baba, a Tasawa."

"Da idonka ka gan ta?"

"Da idona."

Sai wani ƙaƙƙarfan dattijo mai tsohuwar hular soja ya karɓa. Kaporal Bawa ke nan, tsohon soja, shi kaɗai ya iya karatun boko a garin. Ya juya bayan hoton, ya ga hatimi, ya miƙe tsaye ƙyam. Ya karanta kwanan watan, ya ƙirga da yatsu, ya ce, "Jiya ne. Ga hatimin hukuma, ga sa hannu. Jiya shamuwa tana Tasawa."

Wata mata ta fara guɗa daga bayan danga, ta toshe bakinta da kanta. Na ga tsofaffi na share ido da bakin rawani. Na buɗe baki zan gyara maganar, sai na ce a raina, mene ne a ciki? Mutanen nan sun daɗe ba su yi murna ba, bari su kwana da ita, ai ba ta cutar da kowa. Haka na yi shiru, ina ma jin kaina mai tausayi.

Washegari da hantsi wani sauti ya ishe ni a zauren da aka sauke mu, ƙwas, ƙwas, ƙwas, sauti na farko mai ƙarfi da na ji a garin. Buba ya shigo fuskarsa ba daɗi.

"Mushe, hoton nan na shekaranjiya ne da gaske?"

"Na bara waccan ne. Me ya faru?"

Ya dafe kai. Shi ya faɗa mini abin da kowane ɗan manomi ya sani, ni ɗan tela ban sani ba. Irin shukar garin duka yana cikin rumbu guda, an liƙe bakinsa da laka, Sarkin Noma kaɗai ke fasawa. Sun yanke shawara tun tuni: in shamuwa ba ta zo ba har ƙarshen watan nan, a raba irin ya zama guzuri, kowa ya kama hanyar kudu da iyalinsa. In kuwa an tabbatar ta sauka Tasawa, to kwana bakwai ne ta iso wajensu, ruwa na bayanta, sai a yi binne, wato a shuka a busasshiyar ƙasa iri ya jira ruwan fari. Rumbun ake fasawa ke nan.

Na fita da gudu ba takalmi. Na tarar an riga an ɓalle lakar, ana fito da zangarniyar hatsi, mata na sussuka a kan tabarmi, yara sun kewaye suna kallo, ba mai miƙa hannu. Na durƙusa gaban Baba Mijinyawa na ce, "Baba, ku tsaya, don Allah. Hoton tsoho ne. Bara waccan na ɗauke shi. Bana ban ga shamuwa ba, ko ɗaya."

Kaporal Bawa ya matso. "Hukuma ba ta buga hatimi kan abin bara waccan. Na yi aiki da ita kana cikin zanen goyo."

"Kaporal, takarda ce suka rasa a shinge, shi ya sa..."

"Hukuma ta rasa takarda?" Ya dubi jama'a, ya dawo da ido kaina. "Wato shugaban shinge ƙarya ya rubuta, ya sa hannu a kai? Faɗi da ƙarfi kowa ya ji, Mushe. Sai mu tafi Mayahi tare ka maimaita a biro."

To, nan ne wurin da nake tsallakewa in kuna tambayata. Tsoro ya kama ni. Na tuna albashina, na tuna Rabi da yara, na tuna wani malami da aka ɗauke daga aji saboda magana ɗaya, har yau ba mu san inda yake ba. Na ce, "Ban ce hukuma ta yi ƙarya ba." Iyakar abin da na ce ke nan, kuma shi suka ji.

Baba Mijinyawa ya bari mutane suka koma sussuka. Ya dube ni, ya dubi lakar da ke zube a ƙasa. Har yau ina ganin ya yarda da ni. Ya ce, "Ɗana, rumbun iri in an fasa ba ya liƙuwa. Yara sun ga hatsi. In bai shiga ƙasa yau ba, gobe cikin tukunya zai shiga, mu rasa shuka mu rasa guzuri mai tsari. Tashi, kada a gan ka a durƙushe." Sannan ya roƙe ni in bar masa hoton har ta iso. Na bar masa.

Na ga shukar da idona. Maza a gaba cikin layi suna sara da sungumi, mata a baya da ƙwarya suna jefa iri suna rufewa da diddige, a cikin rairayi mai ƙona ƙafa. Ba kiɗa, ba waƙa, ba mai magana, sai dai jifa-jifa wani ya ɗaga kai ya dubi kudu. Kafin mu tashi wata tsohuwa ta kawo mini ƴar ƙwaryar hura ta hatsi tsantsa, daga cikin irin, ta ce goron albishir ne. Na ƙi, ta ce ba a ƙi. Na sha. Ban taɓa shan abin da ya yi mini wuyar haɗiya kamarta ba.

Komowa ba labari. Buba bai kira saniya ko ɗaya ba, bai kuma yi mini magana ba har Mayahi. A shinge dattijon nan ya gane ni, ya ce, "Mai tsuntsaye! Ka same ta?" Na ce a'a. Ya ɗaga mini igiya.

Daga ranar na koma kamar mutanen Bakin Tabki. Kullum ina gindin tsamiya fuskata sama. Na hana Rabi daka a tsakar gida, na ajiye ƙwaryar ruwa, har ta fara yi mini kallon mai taɓin hankali. Bakwai ya wuce, na biyu ya shigo, sai aka yi yayyafi guda, wanda ya isa ya tayar da iri bai isa ya rayar da shi ba. Ni da ban san noma ba, ranar na san abin da ake nufi. Bayansa sama ta rufe bakinta.

Wata rana da la'asar Rabi ta ce ana sallama da ni. Na fito na ga Baba Mijinyawa, ya ƙara tsufa, da sanda da ƴar jakar fata. Can bakin titi mutanensa ne zaune da tabarmi da tukwane, ba su kai rabin waɗanda na sani ba. Ban tambayi sauran ba, shi ma bai faɗa ba. Na kawo ruwa tun kafin gaisuwa. Ya sha, ya buɗe jakar, ya fito da hoton a naɗe cikin tsumma mai tsabta.

"Ga takardarka ta hukuma, ɗana. Na ce kada a tare ka a hanya babu ita."

Na fashe da kuka a ƙofar gidana, gaban maƙwabta. Na ce, "Baba, ni na kashe muku iri."

Ya ce, "Ka faɗa mana, mu ne muka fi son hatimi. Bar wannan. Kai ni in ga itacen."

Na kai shi garka. Ya tsaya gindin tsamiya ya ɗaga kai yana kallon tsohuwar sheƙar, wadda rabinta ya zube. Ya dubi ƙwaryar ruwan da na ajiye, ya dube ni.

"A nan ta tsaya?"

"A nan, Baba. Bara waccan."

Ya gyaɗa kai. Ya sunkuya da ƙyar, ya tsame wani busasshen ganye da ya faɗa cikin ƙwaryar, ya yar. Ya ce da raɗa, "Ka riƙa sake mata kullum. Mu yanzu babu mai yi a wajenmu."

Na raka su har bakin gari, suka yi kudu. Aparai tana rataye a ƙusa tun ranar, ban sake taɓa ta ba. Wanda ya ga na tashi daga hira kafin shayi na uku, kada ya ce raini ne, ruwa nake zuwa sakewa.